Me ya sa WhatsApp ba ya kiran Telegram, alhali MTN yana kiran Airtel?

Me ya sa mai layin MTN a Kano yake kiran mai layin Airtel a Maiduguri, ko ɗan'uwansa da ke Yamai ko Jidda, ba tare da ya tambayi layin wane kamfani ne a hannun wancan ba, amma mai WhatsApp ba ya iya kiran mai Telegram ko da a kan tabarma ɗaya suke zaune? Tambayar ta sake tasowa tun ranar 5 ga Mayu, 2025, da Microsoft ya rufe Skype bayan kusan shekara 22 yana aiki. Waɗanda suka tara abokan hulɗa a can sun ga cewa babu wata manhajar waje da za ta iya kiran sunayen nan. Ko dai su bi kamfanin zuwa wata manhajarsa mai suna Teams, ko su fara tara jama'a daga farko a wani wuri. A gefe guda kuma Tarayyar Turai ta kafa dokar da ke tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofarsa ga wasu manhajoji, har da kiran murya nan gaba.

Amsar da aka fi ji a bakin mutane ita ce, fasahar kowace manhaja daban take, don haka ba za su taɓa jituwa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. Masu rubuta manhajojin waya sun fi shekara 20 suna haɗa tsare-tsaren da ba sa jin yaren juna, kuma dabara ɗaya suke bi: su raba ma'anar kira da yaren da ake faɗinta da shi. Dabarar tana aiki, tana kuma da iyaka. Sai an san inda iyakar take kafin a bambance cikas na gaske da ƙofar da kamfani ya kulle da hannunsa.

## Kira ɗaya, ayyuka biyu

Idan ka danna lamba, abu biyu ne suke faruwa. Na farko shi ne ɗaukar muryar kanta: a yanka ta gutsi-gutsi, galibi kowane gutsure na milisakan 20, a matse shi, a aika. Na biyu shi ne duk maganar da na'urori ke yi tsakaninsu game da kiran. Ina wanda ake nema yake? Wayarsa ta fara ƙara ko tukuna? Ya ɗauka ko ya ƙi? Da wane salon matse murya za a yi hirar? Wa ya fara kashewa? Tsarin da aka amince a kai na yin wannan magana shi ne ƙa'idar haɗa kira, kuma shi ne batunmu.

Mu duba ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙa'idoji da kyau, wadda ta fi yaɗuwa yau, wato SIP. Wayar mai kira tana aika saƙo mai suna INVITE. Rubutu ne zalla da mutum zai iya karantawa da idonsa, ɗauke da adireshin mai kira, da na wanda ake nema, da jerin salon matse murya da wayar ta iya. Babbar kwamfutar da ke tsakani, wato saba, sai ta mayar da lamba 100, ma'ana an karɓa, ana nema. Idan wayar can ta fara ƙara sai lamba 180 ta iso. A nan ne kake jin ƙarar jiran ɗauka a kunnenka, kuma sau da yawa wayarka ce da kanta ke ƙirƙirar ƙarar, ba daga can take zuwa ba. Da an ɗauka sai 200 ta zo, wayarka ta tabbatar da saƙon ACK, daga nan murya ta fara gudana ta wata ƙa'ida daban mai suna RTP, wani lokaci ma ta wata hanya daban da wadda saƙonnin farko suka bi. Wanda ya kashe, wayarsa ta aika BYE. Idan da mutumin yana kan wani kira ne, 486 za ta dawo maka.

Raba ayyukan nan biyu ba da intanet ya fara ba. A Amurka, can baya, umarnin na'urori da muryar mutane waya ɗaya suke bi. Wani siririn sauti mai kaifin hertz 2600 shi ke shaida wa na'urar kamfani cewa layi ya zama fanko. Matasa suka gano haka, suka ƙera akwatunan da ke fitar da sautin, suna kiran nesa kyauta. Steve Wozniak da Steve Jobs sun ƙera irin akwatin sun sayar tun kafin su kafa Apple. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kamfanonin tarho suka kwashe umarnin zuwa wata hanya tasa ta daban, wadda ta zama SS7, kuma har yau ana amfani da ita a duniya.

To a nan rabin amsar tambayarmu take. Kamfanonin layi suna jin juna ne saboda sun amince da ƙa'idoji iri ɗaya ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da tsarin lamba ɗaya da ya ba Najeriya 234, ya ba Nijar 227. Sannan doka ta tilasta musu. A Najeriya, dokar sadarwa ta 2003 ta wajabta wa masu lasisi su haɗa layukansu da juna, kuma hukumar NCC ce ke sa ido. A riƙe wannan magana ta doka, za mu dawo kanta.

## Yadda ƙa'idojin suka yi yawa

Da aka fara tura murya ta intanet a tsakiyar shekarun 1990, gidaje biyu ne suka fito, kowanne da tunaninsa. Gidan kamfanonin tarho, wato ITU, ya fitar da H.323 a 1996. Saƙonninta a dunƙule suke cikin lambobin kwamfuta, ba a karanta su da ido, kuma salon haɗa kiranta an aro shi ne daga tsofaffin layukan ISDN. NetMeeting na Microsoft da na'urorin taron bidiyo na ofisoshi da ita suka yi aiki. Gidan injiniyoyin intanet kuwa, IETF, ya fitar da SIP a 1999, ya sake tsara ta a 2002 cikin takarda mai lamba RFC 3261. Henning Schulzrinne na Jami'ar Columbia da Mark Handley suna cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, kuma sun kwaikwayi yadda shafukan intanet da imel ke magana.

Ba su kaɗai ba ne. MGCP ta fito a 1999. Cisco yana da tasa mai suna Skinny domin wayoyin tebur na ofis. Masu Asterisk, wata manhajar rarraba kira, suka yi IAX2, wadda ke tura umarni da murya ta ƙofa ɗaya mai lamba 4569, domin ta fi sauƙin ratsa na'urorin intanet na gida da ke ɓoye adireshin wayoyin da ke bayansu. Google Talk ya zo a 2005 da abin da ya zama Jingle. Skype kuwa tun 2003 ya ɓoye tasa, bai bayyana wa kowa ba.

Abin lura shi ne, bambancinsu ya wuce na kalmomi. A SIP, waya tana da wayo: ita ke yanke shawara, tana iya juya kira zuwa wani wuri da kanta. A MGCP da Skinny, waya ba ta san komai ba, cibiya ce ke ce mata kunna ƙara, kunna fitila, buɗe makirfo. Mai rubuta manhaja a farkon shekarun 2000 ya samu kansa cikin tsaka mai wuya. Bai san wacce za ta ci kasuwa ba, kuma kwastomansa yana da wayoyi na wannan gida, layin kamfani na wancan gida, ga tsohon layin tarho na waya a bango da ba ya son rabuwa da shi.

## Dabarar shimfiɗar tsakani

Ka ɗauki babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke hulɗa da 'yan Sin, da Larabawa, da masu jin Faransanci. Ba zai koyi yarukan duka ba. Zai ajiye tafinta ga kowane yare, kuma duk tafintocin da Hausa za su yi masa magana, cikin 'yan kalmomin ciniki da ya sani: yana son dila goma, ya ce ta yi tsada, ya taya, ya sallama. Idan gobe Baturke ya zo, sabon tafinta ɗaya za a nemo, lissafin shago ba zai canja ba.

Haka masu manhaja suka yi. A tsakiya suka ajiye cibiya wadda ba ta san SIP ba, ba ta san H.323 ba. Abin da ta sani shi ne kira a dunƙule: nemi layi, kira, yana ƙara, an ɗauka, layi a cike, an danna lamba, ga gutsuren murya, a kashe. Kowace ƙa'ida kuma aka rubuta mata tafintarta, wani ɓangaren manhaja da ke juya saƙonninta zuwa waɗannan 'yan kalmomi, ya kuma juya su zuwa yarenta idan za su fita. Ribar a bayyane take ko a lissafi. Idan ƙa'idoji 6 ne kuma kowace za a haɗa ta da kowace kai tsaye, gada 15 za a gina. Idan 10 ne, gada 45. Da cibiya a tsakiya, tafinta 6 ko 10 sun wadatar.

Asterisk ne misalin da ya fi shahara. Mark Spencer ya fara rubuta shi a 1999 a jihar Alabama ta Amurka, saboda ƙaramin kamfaninsa yana buƙatar na'urar rarraba kira ta ofis, kuma kuɗinta ya fi ƙarfinsa. Ya sake shi kyauta ga kowa. A cikin Asterisk, duk kira yana da ƙafa biyu, ta mai kira da ta wanda aka kira, kuma kowace ƙafa tafintarta daban. Duk wanda zai rubuta sabuwar tafinta, akwai jerin ayyukan da dole ya cike: me za ki yi idan an ce ki kira, me za ki yi idan an ce ki amsa, me za ki yi idan an ce ki kashe, ta yaya za ki karɓi murya, ta yaya za ki miƙa ta. Da ya cike su, cibiya ta karɓe shi. Mai kula da wayoyin ofis kuwa umarni ɗaya yake rubutawa, Dial, sai ya bi shi da PJSIP/101 idan wayar tebur ce ta intanet, ko DAHDI/1 idan tsohon layin tarho ne. Sauran tsarinsa, wato jerin gwanon masu jira, da naɗar murya, da saƙon barka da zuwa, duk ba su san ta wace ƙofa kiran ya shigo ba.

FreeSWITCH, wanda Anthony Minessale ya fara bayan ya daɗe yana aiki a kan Asterisk, shi ma haka ya tsaru, da tafintarsa ta SIP da aka gina a kan wani aikin kamfanin Nokia. A ɓangaren manhajar kwamfutar mutum ɗaya kuwa, labarin GnomeMeeting ya isa darasi. Damien Sandras ya gina ta a kan H.323 kaɗai. Da SIP ta fara rinjaye, sai masu tushen manhajar da ta dogara a kai suka sake gini da sunan OPAL, inda H.323 da SIP suka zama baƙi biyu a gida ɗaya. A 2006 manhajar ta fito da sabon suna, Ekiga, tana jin yarukan biyu.

Wayar da ke aljihunka ma tana da irin wannan shimfiɗa. Nokia N900 ta 2009 tana haɗa kiran layi, da Skype, da SIP, da Google Talk a allon kira ɗaya, ta hanyar wani tsari mai suna Telepathy. Tun 2016 Apple ya kawo CallKit, shi ya sa kiran WhatsApp ke bayyana a iPhone kamar kiran layi, har ya shiga jerin kiran da aka yi. Android ma yana da makamancinsa. Sai dai waɗannan allo kawai suka haɗa, ba su haɗa mutane ba.

## Inda fassara ke zubar da ma'ana

Cibiya ba ta ɗaukar komai sai abin da ta san sunansa. Duk abin da yare ɗaya ke da shi wanda babu a ɗayan, ko dai a matse shi cikin kalma mafi kusa, ko ya faɗi a hanya. Yawancin ƙananan matsalolin da muke ɗora wa rashin sabis a nan suke samo asali.

Ɗauki dalilin yankewar kira. A tsarin kamfanonin tarho akwai jerin lambobin dalili: 16 an kashe lafiya, 17 layi a cike, 18 na'urar can ba ta amsa ba, 19 ta yi ƙara ba a ɗauka ba, 20 mai layin ba ya nan, kamar wanda wayarsa take kashe. A 2002 aka fitar da RFC 3398 domin daidaita su da lambobin SIP. Lamba 17 ta samu abokiya, 486. Amma 19 da 20 duka an zuba su cikin 480. Idan kuma 480 za ta koma yaren tarho, 18 take zama. Ka ga kiran da ya ratsa SIP ya dawo, wayar da take kashe ta zama wayar da ba ta amsa ba. Ga injiniya ƙaramin abu ne. Ga matar da ke kiran mijinta da ya yi tafiya, akwai tazara mai nisa tsakanin a ce mata wayarsa a kashe take da a bar ta tana zaton ya gani ya ƙi ɗauka. An kuma ƙara wa SIP wani gurbi da ke ɗaukar ainihin lambar dalilin, amma sai kowace na'ura a hanya ta yarda ta miƙa shi gaba.

Ga kuma danna lamba. Ka kira layin kula da kwastomomi, murya ta ce danna kaza domin Hausa, ka danna, shiru, ta sake maimaitawa. Hanyoyi akalla uku ne ake aika wannan dannawa a wayar intanet. Ana iya barin sautin cikin murya. Ana iya aika shi a matsayin ƙunshi na musamman cikin RTP, kamar yadda RFC 2833 ta tsara a 2000 kafin RFC 4733 ta gaje ta a 2006. Ana kuma iya aika shi cikin saƙon SIP mai suna INFO. Idan ɓangare ɗaya yana aikawa ta hanya ta farko, ɗayan yana jira ta ta biyu, lambar ta ɓace. Idan kuma an matse muryar da G.729, mai cin kilobit 8 a daƙiƙa maimakon 64 na G.711, sautin yana iya gurɓata har na'urar can ta kasa gane shi.

Mafi muni shi ne lambar mai kira. A SIP, lambar da ke bayyana rubutu ne da mai aikawa ya cike da hannunsa. Tafinta ba ta bincike, abin da aka ba ta shi take miƙawa. Wannan ne ya sa kira ke zuwa daga ƙasar waje amma lambar gida ta bayyana a allo, matsalar da NCC ta daɗe tana yaƙi da ita, domin masu yin haka suna kauce wa kuɗin da ake biya kan kiran ƙetare, kuma suna rufe sawun mai kira. Wasu kuma akwati suke cikawa da layukan gida, kira ya iso ta intanet ya fita ta cikinsu. Amurka ta nemi magance lambar jabu da tsarin STIR/SHAKEN, inda kamfanin mai kira ke sa hannu na lissafi a kan lambar, kuma ta ba manyan kamfanoni wa'adin 30 ga Yuni, 2021. Amma sa hannun a cikin saƙon SIP yake tafiya. Da kiran ya ratsa tsohon layin SS7 ko sau ɗaya, babu gurbin da zai zauna, sai ya faɗi.

## Saɓanin masu gini

Saboda irin wannan asara, akwai injiniyoyin da ba sa son shimfiɗar tsakani ko kaɗan. Hujjarsu ita ce SIP ta riga ta ci kasuwa, har kiran VoLTE da ke kan layin 4G da ita yake tafiya, don haka me zai sa a ci gaba da fassara SIP zuwa wani yare sannan a mayar da ita SIP? Manhajoji irin su Kamailio da OpenSIPS, waɗanda tushensu ɗaya ne, wani aiki na cibiyar binciken Fraunhofer da ke Berlin, miƙa saƙo suke yi gaba kusan yadda ya zo. Sabon abu da ba su sani ba ma yana wucewa lafiya, kuma suna ɗaukar kira masu ɗimbin yawa.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ni ina ganin tarihin Asterisk ya nuna amfanin shimfiɗar ko da yare ɗaya ya rage. Tsohuwar tafintarsa ta SIP ta kumbura har ta wuce layi 30,000 a fayil ɗaya, gyara nan ya ɓata can. A 2013, cikin Asterisk 12, aka kawo sabuwa da aka gina a kan wata manhajar SIP mai suna PJSIP. Shekara 10 biyun suka yi tare, sannan a Oktoban 2023 Asterisk 21 ya cire tsohuwar gaba ɗaya, tare da ta Skinny da ta MGCP. An sauya ɓangaren da ke magana da duniya, amma cibiya ta tsaya. Waɗanda suka rubuta tsarinsu da yaren cibiya gyara kaɗan suka yi a nan. Waɗanda suka riƙa zura hannu ta bayan shimfiɗa suna karanta cikin saƙon SIP kai tsaye, su ne suka sha aiki. Fayil ɗin saitin wayoyi kuwa kowa sai da ya sake rubuta nasa, domin shi bai taɓa shiga ƙarƙashin shimfiɗar ba.

Akwai hanya ta uku. WebRTC, fasahar da ke ba burauza damar yin kira, wadda Google ya sake wa jama'a a 2011 kuma ta zama tabbatacciyar ƙa'ida a 2021, da gangan ta ƙi faɗin yadda za a haɗa kira. Ta tsara murya da bidiyo da ɓoye sirri, ta bar wa kowane mai manhaja ya ƙirƙiro yarensa na sallama. Wannan ya sauƙaƙa gini matuƙa. Shi ne kuma ya sa yau ake da manhajoji da yawa da muryarsu iri ɗaya ce a ƙasa, amma ba sa iya ce wa juna salamu alaikum.

## To me ya hana WhatsApp?

Abu na farko, ba a rubuta tafinta ga yaren da mai shi ya ɓoye ko ya hana. An taɓa samun halastacciyar gada tsakanin Skype da Asterisk, wadda Digium, kamfanin Mark Spencer, yake sayarwa. A 2011, shekarar da Microsoft ya sayi Skype a kan dala biliyan 8.5, Skype ya ƙi sabunta yarjejeniyar, aka daina sayar da ita. Babu abin da ya lalace a fasahar. Haka nan a 2025 Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, ya buɗe wa kamfanoni hanyar karɓar kiran WhatsApp a tsarin wayoyinsu, kuma SIP na cikin hanyoyin da ya amince da su. Ashe ƙofar tana buɗuwa idan akwai ciniki a bayanta. Jama'ar da manhaja ta tara su ne jarinta, kuma duk wanda zai iya kiranka daga waje ba shi da dalilin shigowa ciki.

Abu na biyu kuwa cikas ne na gaske, bai kamata a raina shi ba. WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, kuma tun Afrilun 2016 yake ɓoye saƙo da kira daga waya zuwa waya da ƙa'idar ɓoye sirri ta manhajar hira ta Signal, yadda ko kamfanin ba ya iya saurare. Tafinta kuwa ba ta fassara abin da ba ta ji ba. Idan manhajoji biyu salon kulle sirrinsu daban ne, dole gadar da ke tsakani ta buɗe muryar sannan ta sake kullewa, kuma wannan wuri shi ne inda ɓarawo ko mai leƙen asiri zai zauna. Mafita ita ce su amince da makulli iri ɗaya, gadar ta fassara umarni kawai ta bar murya a rufe. IETF ta fitar da ƙa'idar ɓoye sirri ta MLS a 2023 cikin RFC 9420, ta kuma kafa kwamitin MIMI domin wannan aiki. Bayan makulli ga tambayar wane ne wane: WhatsApp da lambar waya ya san mutum, wasu manhajoji da sunan da mutum ya zaɓa. Ga kuma 'yan damfara, waɗanda duk sabuwar ƙofa riba ce gare su.

Moxie Marlinspike, wanda ya kafa Signal, ya yi gargaɗi tun 2016 cewa ƙa'idar da kowa ya yi tarayya a kai tana daskarewa, domin ba a gyara ta sai kowa ya yarda, ya kuma ba da misali da imel da har yau bai samu ɓoye sirri na bai ɗaya ba. Wanda ya ga yadda lambar jabu ta gagari SS7 ba zai ce ƙarya ya yi ba. Amma gargaɗin nasa dalili ne na yin aikin a tsanake, bai kai ya zama dalilin barin mutane biliyoyi a hannun kamfani ɗaya ba.

## Abin da ya shafe mu

Dokar kasuwannin dijital ta Turai ta ayyana Meta cikin manyan masu tsaron ƙofa, wato kamfanonin da suka mamaye kasuwa, a Satumban 2023. Ta tsara abin daki-daki: saƙon mutum da mutum da farko, na zaure cikin shekara 2, kiran murya da bidiyo cikin shekara 4, wato 2027. Masu amfani da ke cikin Tarayyar Turai kaɗai dokar ta shafa. Mai waya a Zariya ko Damagaram ba ya cikinta, ko da ɗansa da ke karatu a Jamus yana ciki. Dokar da ta haɗa MTN da Airtel a kan masu lasisin layi take aiki, manhajojin hira ba su shiga ƙarƙashinta ba, alhali yau kaso mai yawa na hirar iyalai, musamman da na ƙetare, ta cikinsu take bi.

Inda abin ya fi kusa da hannunmu shi ne ƙananan ma'aikatu. Asibiti, ko gidan rediyo mai karɓar kiran masu sauraro, ko kamfanin sufuri da zai sa a haɗa masa tsarin waya, yana da haƙƙin ya tambayi mai haɗawar abubuwa kaɗan kafin ya biya. Wayoyin teburin nan suna jin SIP, ko da na'urar kamfani ɗaya kaɗai suke aiki? Idan muka sauya kamfanin da ke ba mu layi, me za a sake rubutawa? An gina tsarin a kan tsohuwar tafintar da Asterisk 21 ya cire, ko a kan sabuwar? Sannan kafin a karɓi aiki, a kira lambar daga layukan kamfanoni daban-daban, a danna kowace lamba da muryar ta ambata, a kuma kashe wayar da ake tura wa kira a ji abin da tsarin zai faɗa wa mai kira.